Tarihin Gaspard Monge, ɗan ɗan koli da ya zama uban ilimin zanen injiniyoyi (1746-1818)

Duk wanda ya taɓa shiga biron ma'aikatar ayyuka ya ga manyan takardun nan na zane da ake shimfiɗawa bisa tebur kafin a soma ginin gada, ko asibiti, ko lakkwal, to ya ga gadon mutumin da za mu ba da tarihinsa yau, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Sunansa Gaspard Monge, mutumin ƙasar Faransa. Magina da masassaƙa sun daɗe suna zane tun kafin a haife shi, amma shi ne ya tattara dabarunsu ya kafa musu ƙa'ida, har suka zama ilimi guda da ake koyarwa a makaranta. Mahaifinsa talaka ne, kuma a zamaninsa asalin mutum shi ke buɗe masa ƙofa ko ya rufe ta. Ga yadda ya yi da tasa ƙofar.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Monge cikin watan Mayu na shekarar 1746 a garin Beaune, cikin yankin Burgonya na gabashin Faransa. Mahaifinsa Jacques Monge baƙo ne a garin, ya fito daga duwatsun Savoie, wadda a lokacin ba ta cikin ƙasar Faransa. Sana'arsa koli, yana bin kasuwanni da ƙananan kaya, har sannu a hankali ya zauna ya zama ɗan kasuwa da ake ganin mutuncinsa. Mutumin nan ya ɗaure wa karatun ƴaƴansa gindi, kuma duk ƴaƴansa maza uku, Gaspard da Louis da Jean, sun zama malaman lissafi.

Gaspard, wanda shi ne babba, ya fara karatu a makarantar limaman kirista ta garinsu. A 1762 aka tura shi babbar makarantarsu ta birnin Liyon. Can malamai suka ga irin kaifin basirarsa, suka ɗora shi kan koyar da kimiyyar fizik alhali bai wuce shekara 17 ba. A 1764 ya komo gida. Maimakon ya zauna hutu, sai ya shiga auna garin Beaune unguwa unguwa, da kayan awon da ya ƙera da hannunsa, har ya fitar da babbar taswirar garin. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wani hafsan injiniyoyin soja ya ga taswirar, ya tambayi wanda ya yi ta, ya kuma yi masa hanyar samun aiki a makarantar injiniyoyin soja ta sarki da ke Mézières, kusa da iyakar arewa.

Ƙofar da aka rufe masa

Monge ya isa Mézières a 1765. Makarantar tana ɗaya daga cikin mafi daraja a Turai, amma ajin hafsoshi na ƴaƴan manyan gida ne, ɗan ɗan koli ba shi da wurin zama a ciki. Sai aka sa shi a sashen ma'aikata, inda ake kwafar zane, ana koyon yankan dutse da sassaƙar katako, ana kuma kwaɓa farar ƙasa domin ƙera ƙananan siffofin ganuwa da ɗalibai ke kallo. Ko ya fi kowa ilimi, dokar wurin ba ta ba shi damar zama hafsa ba. Ya karɓi aikin, ya riƙa nazarin lissafi a lokacin da ya samu sarari.

Ana nan sai aka ba shi wani aiki mai cin rai, wanda ɗalibai ke gudu. Ga yadda matsalar take. In an gina sansanin yaƙi kusa da tsauni, abokan gaba na iya hawa tsaunin su hango cikin sansanin, su yi ta harbin na ciki da igwa. Dole a ɗaga ganuwa yadda za ta kare na ciki. In ta gaza tsawo, an sayar da ran sojoji. In ta wuce kima, an ɓarnatar da kuɗi da ƙarfin leburori. To, nawa ne tsawon da ya dace a kowane gefe? Tsohuwar hanya ita ce a fita fili da sanduna a yi ta gwaji, a komo a yi dogon lissafi mai ɗaukar lokaci.

Monge ya dubi abin ta wata fuska. Mai karatu ya ƙaddara wani faffaɗan allo marar iyaka, an ɗora shi bisa kan ganuwa, an karkata shi har ya taɓa ƙololuwar tsaunin ba tare da ya huda shi ba. Duk abin da ke cikin sansani ƙarƙashin allon nan, wanda ke kan tsauni ba ya ganinsa. Ke nan aikin ya koma neman matsayin allo guda ɗaya, kuma Monge ya nuna yadda za a same shi bisa takarda da ƴan layuka kaɗan. An ruwaito cewa da ya kai amsarsa, shugaban makarantar ya ƙi dubawa da farko, domin a ganinsa ba mai iya gama irin wannan lissafi cikin ɗan lokaci haka. Da aka bincika sai aka tarar amsar daidai take.

Daga nan aka matso da shi. Ya zama mataimakin malamin lissafi, Charles Bossut, a 1769 kuma ya gaje shi, yana da shekara 22. Ba da jimawa ba aka ƙara masa koyar da fizik. Wanda aka hana zama ɗalibi ya zama malamin ɗaliban. Amma an kafa masa sharaɗi mai nauyi: dabarar tasa ta zama asirin soja, ba zai buga ta a littafi ba, ba zai koyar da ita a wajen makarantar ba. Kusan shekara 30 ta yi a ɓoye.

Mene ne ilimin da ya kafa?

Faransawa na kiran ilimin nan jeyometiri deskiriptif, wato ilimin bayyana siffar abu mai tsawo da faɗi da kauri bisa takarda, wadda ita tsawo da faɗi kawai gare ta. Tushensa mai sauƙi ne. A zana abu sau biyu: yadda yake in an dube shi daga sama, da yadda yake in an dube shi daga gaba. Sa'an nan a jera zanen biyu kan takarda ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, yadda kowane ɗigo na zanen sama zai yi daidai da ɗan'uwansa na zanen gaba.

Ga misali. In aka nuna maka da'ira aka ce wannan wani abu ne da aka duba daga sama, ba za ka san ko ƙwallo ne, ko gwangwani, ko mazurari ba, domin duk ukun da'ira suke daga sama. Amma da ka ga zanen gaba, magana ta ƙare: ƙwallo da'ira ne, gwangwani mai kusurwa huɗu ne, mazurari kuwa mai kusurwa uku. Zane biyu sun gaya maka abin da ɗaya ya kasa.

Amfanin bai tsaya ga gane siffa ba, har awo ana ciro shi daga takardar. A ce akwai katakon rufi a karkace. Zanen sama ya nuna ya ci mita 4 a ƙasa, zanen gaba ya nuna kansa ya fi gindinsa tashi da mita 3. In aka haɗa awon biyu a kusurwa madaidaiciya aka ja layi tsakanin bakunansu, za a sami mita 5, kuma shi ne ainihin tsawon katakon. Masassaƙi na iya yanka shi tun yana ƙasa, ya hau da shi ya zauna daram. Haka ake gano inda bututu biyu za su haɗu, da yadda za a yanka falan ƙarfe kafin a naɗe shi, da inda inuwar gini za ta faɗi. Da wannan hanya injiniya da ke wani gari zai aika wa maƙeri da ke wani gari takarda, a ƙera masa abin da yake nufi ba tare da sun taɓa ganin juna ba.

Matsalar kwasar ƙasa

A Mézières Monge bai tsaya ga zane kaɗai ba. Ya riƙa aika wa Majalisar Masana Kimiyya ta Paris rubuce-rubuce a kan lanƙwasassun layuka da lanƙwasassun filaye, yana haɗa zane da aljabara. A 1772 majalisar ta ɗauke shi wakilinta, a 1780 ya zama ɗan majalisa. A 1777 ya auri Catherine Huart, wadda mijinta na fari ya rasu ya bar mata masana'antar narka ƙarfe, abin da ya jawo hankalinsa ga sha'anin ƙarafa. A 1783 ya haɗa iskar haidurojin da ta oksijin ya sami ruwa, a daidai lokacin da Lavoisier ke irin wannan gwaji a Paris.

Daga cikin ayyukansa na wannan zamani akwai wanda darajarsa ba ta fito sosai ba sai bayan fiye da shekara 150, wato rubutunsa na 1781 a kan haƙa da cikowa. Duk mai gina hanya ko ganuwa yana haƙar ƙasa a wani wuri ya zuba a wani wuri, kuma ladan leburori yana bin nauyin ƙasar da nisan da aka kai ta. Tambayar Monge ita ce: kowane kwando daga ina za a ɗebo shi, ina kuma za a juye shi, domin jimillar wahalar ta zama mafi ƙanƙanta? Ya lura da wata ƙa'ida: in hanyoyin masu ɗauka biyu suka gitta juna, to akwai asara, domin in suka yi musayar wurin juyewa tafiyarsu a haɗe za ta ragu. Ya kuma gano dangantakar hanyoyin nan da siffar lanƙwasassun filaye, amma matsalar ta fi ƙarfin lissafin zamaninsa, bai warware ta duka ba.

A 1942 wani masani ɗan Tarayyar Sobiyat, Leonid Kantorovich, ya sake tsara matsalar ta yadda za a iya lissafa ta, kuma aikinsa a kan rabon dukiya ta hanya mafi dacewa ya sa ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Yau ana kiran ta matsalar Monge da Kantorovich. Da irin lissafinta ake tsara jigilar kaya daga rumbuna da yawa zuwa garuruwa da yawa, ana kuma aiki da ita cikin kwamfuta wajen sarrafa hotuna. A 2018 Alessio Figalli ɗan Italiya ya sami lambar Fields, wadda ke cikin manyan lambobin masana lissafi, saboda bincikensa a wannan fanni.

Zamanin juyin juya hali

A 1783 aka naɗa Monge mai jarraba ɗaliban sojan ruwa, shekara guda bayan haka ya bar Mézières. Ya yi shekaru yana zagaya tashoshin jiragen ruwa, ya kuma yi suna wajen ƙin yi wa ƴaƴan manya alfarma. Da juyin juya hali ya ɓarke a 1789, ya goyi bayansa da zuciya ɗaya, kuma wanda ya san abin da ya gani a ƙuruciya ba zai yi mamaki ba. Yana cikin kwamitin masana, tare da Borda da Lagrange da Laplace da Condorcet, wanda a 1791 ya ba da shawarar a kasa nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin tsakiyarta kashi miliyan goma, a kira kashi ɗaya mita. Mitan da telanmu ke auna yadi da shi, da kilon da ake auna kaya da shi a kasuwanninmu, daga wannan aiki suka samo asali.

Ranar 10 ga watan Agusta 1792 aka tuɓe sarki Louis na 16, aka naɗa Monge ministan sojan ruwa. Wata takwas ya yi a kujerar, ya sauka cikin Afrilu 1793, domin mulki ba fanninsa ba ne. Amma a cikin watannin nan ne aka kashe sarkin, ranar 21 ga Janairu 1793, kuma Monge yana cikin ministocin da suka sa hannu a takardun hukuma na wannan rana. Gidan sarauta bai manta ba.

A lokacin ƙasashen Turai sun yi wa Faransa taron dangi. Ga sojoji amma babu isassun makamai, kuma sinadarin salpetir da ake haɗa albarushi da shi, wanda a da ake sayowa daga Indiya, Ingila ta tare hanyarsa. Gwamnati ta juya ga masana. Monge da abokansa suka nuna wa jama'a yadda za su kankare ƙasar ɗakunan ajiya da ta bargar dawaki su wanke ta su tace salpetir. Aka sauke ƙararrawar coci-coci aka narka domin samun tagulla. Ya rubuta littafi a kan ƙera igwa, shi da Berthollet da Vandermonde suka rubuta wani domin maƙera a kan yin ƙarfe mai ƙwari. A farkon 1794 aka tara mutane daga kowace gunduma a Paris, aka yi musu kwas na ƴan makonni, suka koma garuruwansu suna koya wa wasu.

Malamin malamai

Babban abin da ya bari shi ne makaranta. A 1794 shi da Lazare Carnot, tsohon ɗalibin Mézières, da Prieur da Lamblardie suka kafa makarantar manyan ayyuka a Paris, wadda a 1795 aka sa mata suna Politeknik. Ƙa'idar shiga ita ce jarrabawa, ba a tambayar ɗan wane ne. Ɗaliban farko sun kai wajen 400. A farkon 1795 kuma aka buɗe makarantar horon malamai, inda aka tara fiye da mutum dubu daga sassan ƙasa. Nan ne Monge ya tsaya a bainar jama'a karon farko ya bayyana ilimin da aka hana shi faɗa tun yana saurayi. Masu saurin rubutu suka ɗauki darussan, aka tattara su cikin littafin Géométrie descriptive da ya fito a 1799, aka fassara shi cikin harsunan Turai da dama.

Ɗalibansa sun shaide shi da iya koyarwa. Yakan siffanta abu da hannuwansa a cikin iska har ɗalibi ya ga kamar yana gabansa, kuma ba ya wucewa sai ya ga alamar fahimta a fuskokinsu. Daga hannunsa aka sami masana irin su Dupin da Brianchon da Malus, kuma Poncelet ya ɗora nasa ilimin bisa tushen da ya kafa. Da Napoleyon ya mai da makarantar ta soja a 1804, aka kuma sa wa ɗalibai kuɗin makaranta, Monge bai ji daɗi ba, ya riƙa ba da albashinsa na malami domin ƴaƴan talakawa su ci gaba da karatu.

Abota da Napoleyon

Tarihi ba ya cika sai an faɗi daɗi da ɗaci. A 1796 gwamnati ta aika Monge Italiya cikin kwamitin da ke zaɓen zane-zane da gumaka da tsofaffin littattafai da za a kwashe zuwa Paris daga garuruwan da sojan Faransa suka ci. Ganima ce aka yi wa rigar ilimi, kuma bayan 1815 an mayar da da yawa daga cikin kayan. Can ya haɗu da janar Bonaparte, wanda daga baya ya zama sarki Napoleyon, suka ƙulla abotar da ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta kayar da shi.

A 1798 ya bi Bonaparte zuwa Masar tare da masana fiye da 150. Cikin watan Agusta aka kafa majalisar masana a Alƙahira, Monge ne shugabanta na farko. A nan ya bayyana dalilin kawalwalniya, wadda ta wahalar da sojoji masu ƙishirwa a hamada: rairayi mai zafi yana dumama iskar da ke dab da ƙasa, ta fi ta sama sauƙi, sai hasken da ya gangaro daga sama ya tanƙwaro ya shiga ido, mutum ya ga hoton sararin sama a ƙasa ya ɗauka tafki ne. Malamin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya ziyarci gidan masanan ya ga littattafansu da kayan gwajinsu. Amma zuwan Faransawa mamaya ce. Cikin Oktoba na shekarar mutanen Alƙahira suka yi bore, aka murƙushe su da igwa, sojoji suka kutsa cikin masallacin Azhar. Monge ya bi rundunar zuwa Sham a 1799, ya yi ciwo mai tsanani a bakin ganuwar Akka, sa'an nan ya komo Faransa tare da Bonaparte cikin Oktoba.

Daga nan girma ya yi ta zuwa. Ya zama sanata a ƙarshen 1799, ya shugabanci majalisar dattawa a 1806, a 1808 aka ba shi sarautar kont na Péluse. Mutumin da ya yi murnar rushe sarautar gado ya wayi gari da sarauta a kansa.

Ƙarshen rayuwarsa

Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Labarin halakar rundunar Faransa a Rasha a 1812 ya karya masa zuciya, lafiyarsa ta soma raguwa. Da Napoleyon ya komo mulki na kwana ɗari a 1815, Monge ya sake tsayawa tare da shi. Bayan faɗuwar Waterloo gidan sarauta ya dawo, aka shiga ramuwa. A 1816 aka kore shi daga majalisar masana da ya yi wa hidima shekara 36, aka kuma rufe Politeknik na wani lokaci. Tsohon bai sake farfaɗowa ba, hankalinsa ya dushe, ya daina magana sosai. Ya rasu a Paris ranar 28 ga watan Yuli 1818, yana da shekara 72.

Hukuma ta hana ɗaliban Politeknik halartar jana'izarsa. Suka yi biyayya a ranar, amma da ranar fitarsu ta zo sai suka ɗunguma zuwa maƙabartar Père-Lachaise suka tsaya a kan kabarin malaminsu. A 1849 mutanen Beaune suka kafa mutum-mutuminsa a dandalin garin. Sunansa yana cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel. Cikin Disamba 1989, lokacin bikin cika shekara 200 da juyin juya hali, aka mai da gawarsa Panthéon, inda Faransa ke ajiye manyan mutanenta.

Masu karatu, musamman waɗanda suka kama alƙalami da girmansu, da ma'aikatan da ke riƙe da ƙofofin makarantu da na aiki, akwai abin lura a nan. Da hafsan nan bai tsaya ya tambayi wanda ya zana taswirar Beaune ba, da shugaban Mézières ya dage kan ƙin duba takardar ƙaramin ma'aikaci, da Faransa ta yi asarar mutumin da ya horar mata da injiniyoyi. Shi kuwa da ya raina aikin kwaɓa farar ƙasa da yankan dutse, da bai sami ilimin da ya ɗaukaka shi ba, domin a hannun magina da masassaƙa ya tsinci matsalolin da ya warware.